Kwamfutar Mai Girma da Muryar Inna

Na dawo daga layin mai da galan ɗina fayau kamar yadda na fita da shi, na ce bari in kunna tsohuwar kwamfutata in huce. Sai ta fara ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar ɓera a buhun gyaɗa, allo kuma baƙi ƙirin. Na kashe na sake kunnawa, na kashe na sake kunnawa. Ba kwamfutar nake ji ba, jama'a, ko kyauta aka ba ɓarawo ita sai ya nemi ladan dako. A cikinta muryar Inna take, Allah ya jiƙanta, 'yar hirar da na ɗauka kafin ta kwanta ciwo. Ban ajiye ta a ko'ina ba sai nan, kullum ina cewa gobe zan kwafe ta.

Maƙwabcina mai gadi ya leƙo ya ce, "Saka ta a firji ta kwana, haka ɗan ƙanwata ya yi." Na ce, "Maƙwabci, firjin da ya koma kabad ɗin takalma?"

Na rungume ta sai shagon Injiniya, mai gyaran nan na ƙarƙashin bene. Ya zaro ma'ajiyar bayanan cikinta, wani ɗan ƙarfe kamar tafin hannu, ya kara a kunne, ya tambayi sau nawa na sake kunna ta. Na ce kaɗan. Ya ce, "Kaɗan irin na marar lafiya ko na gaskiya? Baba, akwai faifai a ciki, akwai allura mai karanta shi. Allurar ce ta lanƙwashe, duk kunnawar da ka yi tana kartar faifan. In ta karce inda muryar take, sai dai haƙuri." Na ce a sayo allurar mana. Ya yi dariya. Wai ba a sayar da ita, sai an samo wata ma'ajiyar, uwa ɗaya uba ɗaya da tawa, mai ƙoshin lafiya, a farke ta a ɗauki tata. Kuma kamfanin ya daina yin irinta tun ina da baƙin gashi.

Na zaga kasuwa har takalmina ya buɗe baki. Duk wadda na samu, ta riga tawa mutuwa.

A nan alherin manya ya shigo. Kun tuna cibiyar koyon kwamfuta da Mai Girma Uban Almakashi ya buɗe mana shekarun baya? An kafa rumfa, an yi tafi, ya yanke ƙyalle, ya rantse kowane yaro a unguwar nan zai riƙa danna kwamfuta kamar yana wasa. 'Yata har da wanke hannu ta tafi. Da aka watse aka rufe ƙofa, mataimakin mataimakinsa ya jefa makulli a aljihu, ba a sake ganin ko ɗayansu ba. Wannan ƙofar maƙwabcina yake gadi, har 'yar tawa ta girma ta yi 'ya'yanta.

Shi ne ya rada min cewa kwamiti ya zauna, ya sha lemo, ya gano kwamfutocin sun tsufa saboda yawan aiki, don haka za a yi gwanjonsu a sayo sababbi. Na je. Wallahi a cikin ledarsu suke, ko zanen yatsa babu. Na leƙa lambar da Injiniya ya ce in duba, sai ga ta daidai. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Na biya kuɗin guda ɗaya, jami'in gwanjon ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da ita, ta sha wahala." Na ce, "Ranka ya daɗe, ga alama nan a jikinta."

Injiniya ya sa safar hannu, ya buɗe ma'ajiyarta da tawa a cikin wani akwatin gilashi mai hura iska, don ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata komai. Ya ce kar in yi tari, kar in yi siyasa. Ya zare allurar kwamfutar Mai Girma a hankali, ya dasa wa tawa, ya rufe, ya haɗa waya. Ba ƙyas, sai wani ɗan zuuu mai daɗin ji. Hotuna da yawa sun tafi, kartar da na yi da hannuna ta cinye su. Ya danna wani abu ya juyo min da lasifika.

"Kai, ɗauke min wannan abin daga fuska! Ka ci abinci kuwa? Dube shi, duk ya rame."

Na yi kuka a shagon mutane, da furfurata da komai, ban kuma ji kunya ba. Injiniya ya juya baya yana neman sukudireban da ke hannunsa.

Saboda haka masu cewa manya ba sa tsinana mana komai su ji tsoron Allah. Wa zai adana maka kaya shekara da shekaru, da mai gadi, ba tare da ya bari yaro ko ɗaya ya taɓa ba? Ga shi dai kwamfutar cibiyar ta yi wa ɗan unguwa amfani, ko da yake sai da aka farke mata ciki. Na ji an ce sababbin na hanya. Ina roƙon a rufe su da kyau, don watarana jikokina za su nemi allura.