Rasuwar Ɗan Faffaɗa, Mabugin Wutar Daji

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hannu mai ƙaurin hayaƙi, ni Isufu maƙeri, ɗaya daga cikin 'yan sa-kai masu kashe wutar daji a Matameye, nake sanar da jama'a rasuwar mabugin wutata, Ɗan Faffaɗa.

A maƙerata aka haife shi, daga tsatson tsohuwar tayar kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Yayyensa duk a goye suka tafi. Na farko da kaba na saƙa shi. Ranar da ya fara aiki ya kama da wuta, ya koma ɓangaren abokan gaba. Na biyu na kwanon rufi ne, yana yi wa wuta fifita maimakon mari. Na uku ya zo gajere, shi ya sa har yau ba ni da gira. Sai a kan marigayi na dace: faɗi daidai, nauyi daidai, tsawon da zai hana mutum gaisawa da harshen wuta.

Ya rayu mai kawaici. Magana ɗaya ya sani, faɓ, faɓ, kuma ita ya riƙe har ƙarshe. Bai taɓa dukan ɗan Adam ba sai abokin aikina Sadisu, ranar da rigarsa take hayaƙi. Sadisu na nan a kan bakansa cewa ƙura ce.

Ajali ya same shi bayan girbi, a hanyar Kurni, inda wuta ta taso daga ciyawa ta nufi dammunan geron Inna Balki, abincin gidanta na shekara. Tsohuwar ta riƙe min hannu ta ce, "Isufu, in ya ƙone, bana sai dai mu ci toka." Marigayi ya tare wutar a bakin gona, yana narkewa yana duka, har muryarsa ta koma fis, fis. Gero ya tsira. Shi kuwa ya cika a kafaɗata, yana ɗiga a bayan rigata.

Ya bar matarsa, ƙotar icen aduwa, da ƙusoshi marayu, da amininsa shebur, da butar ban-ruwa wadda ba ta daina hawaye ba, ko da yake dama tana yoyo.

Za a binne abin da aka iya kankarewa daga rigata, gobe da hantsi, bayan maƙera. Ana roƙon masu shan taba su yi ta'aziyya daga nesa. Matar marigayi ba za ta zauna takaba ba, don uwargidana Maryama ta riga ta mai da ita muciya. Duk wanda ya ji ƙaurin roba a tuwon sadaka, ya haɗiye da haƙuri. Mai makoki ce ta tuƙa.