A Wane Ruwa Ya Faɗa?

"Lafiya ƙalau, Ango. Ashe kana nan, ba a haɗa ka da tsofaffin agogunan an yi gwanjo ba."

"Wa ke da kuɗin sayena? Ke ma sa'a kika taka, Amarya."

Jikar Baba mai gyaran agogo ce ta shigo, tana gaishe shi yadda suka saba, da tsiya. Shagona na ɗinki manne yake da nasa, katako ne kawai a tsakani, don haka ko ban so ba sai na ji, kuma gaskiya ina so. Shagon nasa ɗan tsukuku ne: tebur mai gilashi, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da agoguna a bango, kowanne da lokacin da ya ga dama.

Kwanakin nan 'ya'yansa na zargin idonsa ya fara rauni. Duk wanda ya tambaye shi ko yana gani sosai, sai ya ce daga kujerarsa yana iya ƙirga ƙafafun sauro a tsallaken titi. Ni kuwa na sha ganinsa yana lalube hantsaki alhali ga shi a gabansa. Na kuma san abin da yake tsoro, don ya taɓa faɗa mini: ranar da ya amsa, za su garƙame shagon su ajiye shi gaban talabijin. Tausayi yake ba ni, shi ya sa na kama bakina.

Ta ajiye agogon hannunta a kan tebur, ta ce haka kawai ya tsaya. Ya ɗauka, ya kara a kunne, ya jijjiga.

"A wane ruwa ya faɗa, na wanki ko na wanka?"

"Na wanki. Amma nan take na..." Ta harare shi. "Tsohon nan, wa ya ce maka ya faɗa ruwa?"

"Ke, yanzun nan."

Ya kwashe da dariya har da buga tebur. Wannan ita ce dabararsa tun kafin a haifi uwarta, kuma ba ya gajiya da yin taƙama da ita. Ya ce in ka tambayi mutum ko agogonsa ya faɗa ruwa, sai ya rantse maka ko raɓa bai taɓa shi ba. Don haka ba a tambayar abin da ake son sani. Shimfiɗa shi ake yi a ƙasa kamar tabarma, a ɗora wata 'yar tambaya a kai. Mutum na can yana zaɓen amsa, bai san ya riga ya zauna ba.

"To ai wannan sata ce da rana tsaka," in ji ta.

"Sana'a ce. Da ita na auri kakarki. Ban ce mata za ki aure ni ba, cewa na yi wane launi za a yi wa ɗakin."

"Allah sarki, baiwar Allah. Ashe damfara aka yi mata."

"Ke da babu wanda ya tambaye ki launi fa? Har yau ni kaɗai nake maneji da ke."

Ta ce samarinta layi suke yi, ganin mijinta na kusa da cika shekara ɗari biyu ne ya sa suke jira su gaje ta. Ya ce su jira, zai yi musu gyaran agogo kyauta don su san tsawon jiran. Ana cikin haka ya buɗe bayan agogon, ya maƙala ɗan gilashinsa a idon dama, ya cire, ya goge, ya sake maƙalawa. Ita kuma ta jingina da tebur tana wasa da madaurin jakarta, ta yi magana kamar mai tambayar farashin batir.

"Ango, wanne ya fara yi maka dishi-dishi, na hagu ko na dama?"

"Na hagu. Na daman sai bayan..."

Ni kaina sai da na ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Baba ya ajiye hantsakin a hankali, fuskarsa ta faɗi, tsufansa duk ya fito. Ya ce mata, ƙasa-ƙasa, ta je ta kai wa iyayenta labari, su zo da kwaɗonsu.

"Ni na ce maka wani zai ji? Safe za mu je wajen likitan ido, ko yamma?"

"Na ga tabarmar, Amarya. Ba a kama ni sau biyu."

"To bar wannan. In ka dawo da sabon tabarau, agogon wa za ka fara gyarawa, nawa ko na wancan direban da ke maka sintiri?"

Ya daɗe yana kallonta. Na ga lokacin da ya gane abin da ta shimfiɗa a ƙarƙashin wannan: zai dawo, kuma shagon zai tarar a buɗe. Sai dariya ta kufce masa, irin mai haɗe da ƙwalla. Ya jawo aljihun tebur, ya lalubo wani jan madaurin agogo, ya tura mata.

"Naki zan fara gyarawa. Karɓi wannan, kuɗin makaranta ne, kin fi malaminki. Ki zo da safe, yamma ina da aiki."

Ta juya madaurin a hannu, ta dube shi. "Na gode, Ango. Wane launi ne wannan?"

"Ɓace min da gani," ya ce, "tun ina ɗan iya ganinki."