Ranar da Tsohon Gwanzu Ya Kai Ni Ruwa

Ba za ni taɓa mantawa ba da zuwana na farko birnin Gwanzu na ƙasar Sin. Ko da ma na so in manta, mutanen kasuwarmu ta Sabon Birni ba za su bar ni ba.

Sana'ata sayar da kayan gyaran babur. Shekara da shekaru ina saro su a Kano, sai rannan na ce bari in tafi inda ake ƙera su in gani da idona. Mai masaukina a can shi ne Alhaji Kamoru, Bayarabe haifaffen Sakkwato, wanda aikinsa tura wa 'yan kasuwa kaya ta jirgin ruwa. (Ga wanda bai sani ba, tsakanin Bagobiri da Bayarabe akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya.) Tun a filin jirgi ya dubi zanen fuskata ya shaida wa direban tasi, da Sinanci, cewa bawansa ne ya iso daga ƙauye.

Garin kam ya cika mini ido. Abin da ya fara ruɗa ni shi ne babura: ga su nan kamar fara, amma ba ka jin kukan ko ɗaya, don da lantarki suke tafiya. Ni da nake gane ciwon babur tun daga nesa ta ƙararsa, sau biyu ana kusa take ni a gefen hanya. Jirgin ƙasa kuma a ƙarƙashin ƙasa yake bi, mutane cunkus, kowa ya sunkuyar da kai ga wayarsa. Na yi sallama a cikin tarago, ko wanda ya ɗago babu. Mai sayar da dankalin gashi ma waya ake nuna masa a biya a wuce. Ka ɗaga kai sama, benaye sun tokare gajimare, amma a kowace taga ga shanya, wandon wani na kaɗawa a hawa na ashirin. Sannan ga shan ruwan zafi: ana zufa, kowa na rataye da gorarsa yana kurɓa kamar mai jego. Abinci kuwa sai a shagon wasu Musulmi masu fararen huluna, inda ake jan taliya da hannu kana kallo.

Duk wannan na shanye shi da mutuncina. Inda na kwafsa shi ne lambun shan iska da ke bayan masaukinmu.

Wata safiya bayan mun karya, Alhaji Kamoru ya ce mu ratsa ta lambun mu hau jirgi. Ashe nan ne fadar tsofaffin garin. Ga kakanni mata sun yi sahu suna rawa da mafitai, rediyo na tashi. Ga wani yana rubutu a kan daɓe da ruwa zalla, yana yi yana bushewa. Wani kuma ya rataye kejin tsuntsunsa a reshe, wai ya kawo shi shan iska. A bakin wani ɗan tafki mai jajayen kifaye sai na hangi tsofaffi maza bibbiyu, sun haɗa wuyan hannu suna juyawa a hankali kamar masu dama fura ba su son ta zube. Na tambaya, Kamoru ya ce ai irin tasu kokawar ke nan.

Nan fa na tuntsire da dariya. Dole in faɗa muku, a zamanin samartakata ni ɗan kokawa ne. In kaka ta yi aka buga ganga a garinmu Gangara, ba a rufe fage sai na shiga, har Maraɗi an kai ni. (Gaskiya shekara goma sha biyar ke nan rabona da fage, kuma tumbi ya riga ni shiga ɗaki yanzu, amma ranar ban tuna da wannan ba.) Na ce wa Kamoru waɗannan ko ɗiyan goyo ba su kayarwa.

Dariyar tawa ta jawo hankalin wani tsoho siriri, mai farar riga da takalmin ƙyalle, wanda a ido bai kai rabin buhun gero nauyi ba. Ya yi murmushi, ya miƙo hannu, ya yafito ni.

"Bagobiri, rufa wa kanka asiri mu tai kasuwa," in ji Kamoru. "Tsohon ga ba sa'anka na ba."

Da wani ne ya faɗa, da na ji. Amma Bayarabe? Na miƙa masa jakata.

Na ɗora hannu bisa na tsohon, na ce bari in tura shi kaɗan, cikin ladabi, kada in karya uban wani a ƙasar mutane. Na tura. Sai na ji kamar na jingina da labule ina zaton bango ne. Kafin in ankara, ga ni zaune daɓas a ƙasa, shi kuwa yana nan inda yake yana murmushi. Na miƙe ina kakkaɓe wando, na bayyana wa kowa, da Hausa, cewa takalmi ne ya zame.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na tuɓe takalmi, na cire hula, na naɗe hannun riga, na ja da baya. Sannan na yi abin da har yau in na tuna nake rufe fuska: na ɗaga hannu sama na yi kirari, da muryar da nake yi a Gangara. Na kira kaina gagara-kaye, na kira kaina bajimin Gobir jikan mazan Alkalawa. Kakannin nan suka kashe rediyo suka matso da mafitansu. Mai tsuntsu ma ya sauko da kejinsa ya zo kallo.

Na sunkuya na taho da gudu, niyyata in cafki ƙugunsa in ɗaga shi sama in ajiye a hankali. Abin da na sani kawai, yatsunsa sun taɓa gwiwar hannuna, ya ɗan juya kamar mai ba baƙo hanya a zaure. Sauran aikin ni na yi wa kaina. Ƙafafuna suka ci gaba da gudu ba da shawarata ba, na tsallake furanni, na faɗa tafkin nan tsundum.

Ruwan iya gwiwa ne, don haka ko uzurin nutsewa ban samu ba. Na tashi zaune, ganye a ka, kifaye na kewaya ni. Sai tafi ya ɓarke.

Tsohon da kansa ya miƙo hannu ya fisgo ni waje. Wata kaka ta lulluɓa mini tawul, wata ta tsiyaya mini ruwan zafi daga gorarta, na kuwa sha, ban taɓa jin daɗinsa ba sai ranar. Tsohon ya dafa kafaɗata ya yi wata magana, kowa ya yi dariya. Na tambayi Kamoru me ya ce. Da ƙyar ya iya buɗe baki, hawaye na zuba don dariya.

"Ya ce kana da ƙarfi ƙwarai, ya gode da ka ara mishi."

Sai a lokacin na lura da wayar da ke hannun Kamoru. Tun daga kirari har tsundum, babu abin da ya wuce shi.

Na roƙe shi da girman Allah, na yi masa alkawarin kilishi, har na yarda a bakina cewa shi ne ubangida. Ya ce na makara, tuni ya tura hoton bidiyon wa zauren 'yan kasuwarmu na waya. Kafin rigata ta bushe, an gani a Sabon Birni, an gani a Isa. Mai ɗakina ta bugo waya, ta fara da tambayar ko na ji ciwo, amma ba ta kai ƙarshen maganar ba dariya ta ƙwace mata. Innata kaɗai ta tsaya mini, ita ma da nata salon: ta ce in gode Allah da ni na faɗi, don da na kayar da sa'an ubana, da ba ta san inda za ta sa fuskarta ba.

Sauran kwanakina a Gwanzu kullum sai na bi ta lambun. Kakannin na hango ni sai su ɗaga hannu su kwaikwayi kirarina, ni kuma in rusuna. Tsohon ya yi ƙoƙarin koya mini tsayuwarsu, ya nuna mini da hannu cewa kafaɗuna sun cika taurin kai. Ba mu jin yaren juna, amma ranar da za ni taho sai da ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Na dawo gida da kaya masu kyau, ciniki ya yi albarka, sai dai sunan shagona ya canza. Yanzu 'yan acaba in za su aiko a sayi taya, cewa suke a tafi wurin Sarkin Ruwa.

Abin da na koya shi ne, in ka ga tsoho na motsi a hankali, ba ƙarfi ya rasa ba, gaggawa ce ya daina. In kuwa lalle sai ka yi kirari, to ka fara karɓe wayar Bayarabe.