Kifin da Aka Ƙwace Mini

Bitrus ya cuce ni, kuma da gangan ya yi. Tare muke tuƙin bas a titin Old Kent Road, can ƙasar Turawa, shi ya ja ni kamun kifi bayan gari. Ya nuna mini tafki biyu, ya ce ƙaramin na 'yan koyo ne, babban kuwa sai gwanaye. Na ce ni haifaffen Yauri ne, ba zan zauna cikin yara ba. Gaskiyar magana, tunda nake ban taɓa ɗana ƙugiya ba.

Asabar biyar ina zaune cikin sanyi kamar gunki. A ta shida Allah ya ba ni ƙaton kifi, irin wanda Turawa ke kira kaf, ya kai ɗan akuya. Nan take na buga wa matata waya, na ce ta jajjaga attaruhu, ta gayyato maƙwabta. Ina cusa shi cikin buhu sai ga mai gadin tafkin a guje, fuska jawur. Wai kifin mace ce, sunanta Margaret, hoto kawai ake yi da ita a mayar ruwa. Har magani ya shafa mata a baki, ni kuwa ko sannu.

Bitrus ya san dokar sarai, amma yana gefe yana ɗaukar bidiyo. Maƙwabta suka ci shinkafa da ƙwai. Yanzu duk garejinmu "mijin Margaret" ake kirana.

Na tare shi a bakin ƙofa, na ce, "Bitrus, Margaret tana da mai gadi. Kai fa, wa zai ƙwace ka a hannuna?"