Ranar da Na Kama Sunan Maigida a Gozaki

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, ba zan taɓa mantawa da yinin bikin ƙanwar maigidana a Gozaki ba. Har yau in abin ya faɗo mini sai in ja mayafi in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Ni malamar makaranta ce a Malumfashi, haifaffiyar Funtua, kuma ina da wata cuta da har yanzu ban samu maganinta ba: ba na son a kayar da ni a gardama. Ko a kan gishirin miya ne, sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Lokacin da aka kawo ni gidan su maigida, Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinsa marigayi, ta ce an ɗebo ruwan dafa kai, don 'yar boko ba ta san kunya ba. Surukata, Inna, ita ce ta tsaya mini. Ni kuma na yi shekaru ina lallaɓa wannan yarda tata. Ba na cin abinci a gabanta, ba na gaishe ta a tsaye, kuma ban taɓa kama sunan maigida ba, sai dai Abban Ummi. Ita ma Inna ba ta faɗin sunan, don ɗan farinta ne. "Yaron nan" take ce masa (yaron da furfura ta fara cin gemunsa). Da safiyar ranar bikin ma da kunnena na ji tana yi wa baƙi alfahari da ni, wai duk bokon nan nawa, ba a taɓa jin sunan yaron nan a bakina ba. Gwaggo Tabawa ta taɓe baki, ni kuwa kaina ya kumbura.

A lokacin idon Inna ya yi rauni, ba ta iya ganin lambobi a 'yar wayarta. Sai 'ya'yanta suka yanke shawarar saya mata irin wayar da ake yi wa magana ta amsa, a koya mata kalma ɗaya ta Turanci, ta haɗa da sunan wanda take so, waya ta kira mata shi. Abin da ya rage shi ne wace iri za a saya. Ni na ce irin tawa. Habu, ƙanin maigida kuma abokin wasana, mai shagon taki da irin shuka a Kafur, ya ce irin tasa. Kowacce akwai muryar mace a cikinta. Tawa muna ce mata Baturiya, tasa kuwa na raɗa mata Amaryar Habu, don takan daɗe tana yanga kafin ta amsa. Aka ce a bari sai ranar yini, in dangi sun taru, a gwada su a gaban Inna ta zaɓa.

Ni da ba na wasa da jarrabawa, sai na shiga shiri. Na ji an ce waya ta fi gane cikakken suna, don haka na bi sunayen da ke cikin tawa ɗaya bayan ɗaya na gyara. Mai Wake ya koma sunansa na yanka, Maman Biyu ma haka. Abban Ummi shi ma na goge, na rubuta sunansa da na mahaifinsa, yadda suke a katinsa na aiki. Na yi ta yaba wa kaina da wannan dabara.

Bayan azahar, an ci tuwo an yi nak, mata sun baje a tsakar gida daga bakin rumbu har gindin dalbejiya, maza kuma suna can ƙofar gida a kan tabarmi. Habu ya aro lasifikar mai kiɗan biki, wai don tsofaffi su ji da kyau, ya ce za a riƙa haɗa wayoyin da ita bi da bi. Aka shimfiɗa wa Inna darduma a tsakiya, Gwaggo Tabawa ta zauna a gefenta tana ɓare gyaɗa.

Gaskiya Baturiya ta fitar da ni kunya a farko. Aka tambayi lokacin la'asar, ta faɗa nan take, Amaryar Habu kuwa sai da ta yi ta juyi sannan ta rubuto amsar a fuskar waya, ba ta ce uffan ba. Na ce to ai Inna ba karatu za ta yi ba. Aka tambayi yadda ake hana ƙwari cin wake a buhu, tawa ta yi bayani tiryan-tiryan ina fassarawa, tasa ta ce ba ta gane ba. A kan tuna wa Inna shan maganin hawan jini ne kawai suka yi kunnen doki. Habu ya ci zagaye ɗaya, da wata yarinya ta ce a sa waƙa, tasa ta riga tawa. Na ce Inna ba rawa za ta yi ba, mata suka kwashe da dariya. Zuwa lokacin na manta ni suruka ce a gidan, ji nake ina gaban aji.

Sai Habu ya ce duk wannan wasan yara ne, ainihin aikin shi ne kira, kuma wa Inna za ta fi nema in ban da babban ɗanta? Ya fara. Ya ce wa tasa ta kira Yaya. Ashe Yayan da ke cikin wayarsa sun fi a ƙirga: Yaya Funtua, Yaya Mai Tarakta, Yaya Na Tsiga, har da wani Yaya Kada A Ɗauka. Amarya ta tsaya tana tambayar wanne yake nufi, daga nan ta yi shiru abinta. Na yi masa dariya har da riƙe ciki.

Aka haɗa tawa. Na gyara zama, na ce ta kira Abban Ummi, don abin da bakina ya saba ke nan. Baturiya ta amsa ta cikin lasifika cewa ba ta san wani mai wannan suna ba.

Habu ya yi tsalle yana tafi. Wata ta rangaɗa guɗa. Nan take na tuna na canja sunan, kuma nan ne ya kamata mai hankali ta ce an yi canjaras, ta ajiye waya ta koma wanke-wanke. Amma na kalli Habu yana rawa da kafaɗa yana cewa, "Malama, a tattara a koma Malumfashi, Baturiya ta ji kunya," sai na kasa haƙura. Na miƙe tsaye. Injin wuta yana ƙara, yara suna ihu, don haka na ɗaga murya irin wadda nake tsawata wa 'yan bayan aji da ita, na rangaɗa sunan maigida, na ɗora na mahaifinsa a kai. (Kada ku sa ran zan rubuta su a nan. Wancan faɗin ya ishe ni har ƙarshen rayuwa.)

Baturiya kuwa, da yake ba ta kuskure, ta maimaita sunayen biyu raɗau ta cikin lasifika, yadda har masu cirar auduga a bayan gari sai sun ji.

Sai a lokacin na gane abin da na yi: ɗan farin Inna da mijinta marigayi, sunaye biyun da ba ta taɓa furtawa ba, na haɗa su a numfashi ɗaya a gabanta, a tsaye, hannu a ƙugu. Kafin in samu inda zan sa kaina sai ga maigida ya faɗo gidan da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, waya tana ruri a aljihunsa, yana tambayar wane yaro ne ya faɗa rijiya. Bai taɓa jin sunansa da muryata ba, ya ɗauka mutuwa aka yi.

Gwaggo Tabawa ta jefa gyaɗa a baki, ta tauna a hankali, ta ce, "To, ai ga boko ya yi rana."

Inna ba ta kalle ni ba. Ta gyara lulluɓi ta ce a saya mata irin ta Habu. "Ita ta fi kunya," in ji ta. "An ce ta kira babba, ta yi kamar ba ta ji ba."

Ragowar bikin a ɗakin girki na yi shi, ina kankare tukwanen da an riga an wanke. Ba faɗuwa gasar ce ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na kunyata matar da ta yi alfahari da ni da safe, kuma a gaban Gwaggo Tabawa.

Washegari da hantsi Inna ta aiko a kira ni. Na shiga na durƙusa, na shirya shan faɗa. Ta kori jikoki, ta sa na saki labule, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Matar nan ta cikin wayarki," ta ce, "za ta iya sake faɗa?"

Na ce za ta iya, amma fa sai na fara faɗa mata.

"To zan toshe kunne. In kin gama ki taɓa ni."

Haka aka yi. Ta sa yatsu a kunnuwa, na raɗa wa Baturiya sunayen, na taɓa gwiwarta, ta buɗe. Muryar ta faɗe su a hankali, ɗa da uba a jere. Inna ta yi murmushi, ta share ido da bakin mayafi, ta ce in ban da jiya, rabon da ta ji an haɗa su haka tun ranar sunan yaron nan, shi ma daga cikin ɗaki ta jiyo. Tausayinta ya kama ni. Sai muka ji maigida ya ɗauki kiran yana cewa, "Yau kuma wa ya faɗa rijiyar?" Inna ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba.

An saya mata irin ta Habu, kuma har yau jikoki ne ke danna mata lamba. Gwaggo Tabawa ba ta daina ce mini Mai Shela ba. Na mayar da Abban Ummi mazauninsa a wayata, amma ban goge ɗayan ba, don duk zuwan da za mu yi Gozaki sai Inna ta sa an saki labule. Yanzu in wani ya tambaye ni wace waya ce ta fi jin magana, sai in ce ya fara gaya mini a gaban wa zai yi mata maganar.