Bargon Bolar Malam Datti

Duk wanda ya zauna a Kuala Lumpur a shekarun korona bai san Malam Datti Maikano ba, to zaman banza ya yi. Mutum ne mai tsari. A gida babban jami'in mulki ne a wata ma'aikata, inda ya yi furfura yana sa hannu a ƙarƙashin sa hannun wasu. Gwamnati ta ga bai kamata irin wannan baiwa ta ƙare a Kano ba, ta turo shi Malesiya ya yi digiri na biyu a kan tsare-tsare. Ko shayi zai haɗa, sai ya faɗi mataki na ɗaya da na biyu. Mu kuwa 'yan ƙungiyar ɗaliban Arewa ba mu iya ganin mai gilashi da furfura mu bar shi haka nan. Ranar da aka ba shi fangali a lambun unguwarmu ta Sri Petaling, a daren muka naɗa shi Sarkin Noman Sri Petaling, tun bai taɓa fartanya ba.

Domin a kiyaye gaskiya, matarsa Hureira ce ta nemo fangalin. Tun lokacin kulle take mafarkin miyar yakuwa, tana da iri ƙulle a leda wanda ta zo da shi daga gida. Shugabar lambun, wata tsohuwar malamar makaranta da ake kira Anti Lim, ta yarda da sharaɗi ɗaya.

"Boleh, lah," in ji ta, wato an amince. "Amma in ban ga koren ganye kafin Sabuwar Shekarar Sinawa ba, akwai masu jira."

Hureira ta ɗauko ledarta. Malam Datti ya ɗauko wayarsa. Ya ce babu aikin da ake farawa ba bincike. Binciken ya kai shi kan bidiyon wani Bature a Ingila, cikin ƙatuwar rigar sanyi, hayaƙi na fita daga bakinsa, yana koyar da yadda ake haɗa taki a lokacin winta, wato hunturun Turawa. Malam Datti ya dubi Bature, ya dubi kalanda. Disamba.

"Maman Hasna," ya ce, yana gyara gilashi, "mayar da irin nan. Ba a shuka a winta. Ƙasa barci take yi."

"Malam, gumi fa kake yi. Fanka biyu ke kanka."

"Wannan ra'ayin jiki ne. Disamba winta ne a duk inda aka ci gaba. Abin da za mu yi yanzu shi ne kwamfos."

"Wato juji."

"Kwamfos."

"Irin na bayan gidanku na Bichi, wanda jaki yake kwasa zuwa gona?"

"Wancan bola ce, Hureira. Wannan sayans ne. Bambancin shi ne murfi."

Ya sayo shuɗin duro mai murfi, ya kafa shi a tsakiyar fangalin kamar tuta. Bature ya ce a zuba ɓawon kayan lambu da busasshen ganye. Malam Datti ya ga wannan rowa ce irin ta mutanen da ba su san abinci ba. Ya ƙara ragowar shinkafa, kawunan kifi, romon kaza, da ɓawon duriyan, wani ɗan itace mai tsananin wari, da ya roƙo wajen mai shago. Sannan ya zo mataki mafi girma. Bature ya gargaɗi ɗalibansa cewa sanyi ne babban abokin gāban taki, don haka a toshe kafofin iska, a lulluɓe duron da tsohon bargo.

Tsohon bargo babu. Amma a ƙasan akwati akwai bargon Hureira mai hoton damisa, na kayan aurenta, wanda suka yi dakonsa tun daga Kano domin ba wanda ya gaya musu sanyin Malesiya a na'ura yake. Da shi Sarkin Noma ya naɗe duron, ya ɗaure da igiya, ya ja baya yana kallo kamar uban da ya kwantar da jariri.

Ruwan Disamba ya jiƙa bargon. Rana ta fito ta turara shi. Ruwa ya sake dawowa. Abin da ke cikin duron ya fara aikinsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

A nan dole a shigar da wani bayani. Watanni kafin haka korona ta kama Malam Datti. Allah Ya ba shi lafiya, amma hancinsa bai dawo bakin aiki ba. Bai gaya wa kowa ba, domin a ganinsa babban jami'i ba ya rasa sashe guda na jikinsa. A gida ya ci gaba da yaba turaren wutar Hureira, har a ranakun da ba ta kunna ba.

Saboda haka da maƙwabtan lambu suka fara sa takunkumi biyu-biyu, sai ya ji daɗi.

"Ka ga ƙasar da ake bin doka," ya rubuta mana a zauren ƙungiya. "Da na matso sai kowa ya ba da tazara. Mu koyi da su."

Muka amsa da Allah Ya ja zamanin Sarki.

Anti Lim ta yi masa magana daga nesa, tana nuna duron da sanda. Ya kwantar mata da hankali da Turancin ofis, ya ce komai yana tafiya bisa tsari. A fangalin dama kuɓewa ta yi 'ya'ya, a na hagu barkono ya yi ja. Ya dube su da tausayi, ya ce masu gaggawa ne, za su gani. Hureira ta roƙe shi ko tafi ɗaya na iri ta watsa a gefe, don kada a ƙwace wurin.

"Ki jefa iri a bakin ƙanƙara? Ba da sa hannuna ba."

Ana jibi Sabuwar Shekarar Sinawa, ya shirya bikin ƙaddamarwa. Hujjarsa ita ce, da zarar Anti Lim ta ga ingancin takin, ita da kanta za ta ƙara masa wa'adi, wataƙila ma da fangali na biyu. Muka hallara ta Zoom, kowa da hularsa a sama da gajeren wando a ƙasa. Shugabanmu Abdulbaƙi ne ya je ya riƙe waya, ya tsaya can bakin ƙofar lambu, ya ce saboda dokar tazara ne. Hureira da Anti Lim suka tsaya bayansa.

Malam Datti ya zo da babbar riga. Ya yi jawabi a kan makomar noma a Afirka, ya ce idan ya koma gida zai kai wannan tsari kowace ƙaramar hukuma.

"Masu hassada sun ce yana wari," ya ce, yana kwance igiya. "Bature ya ce takin kirki ƙamshin ƙasar daji yake yi. Yau zan rufe bakin kowa."

Ya yaye bargo. Ya ɗaga murfi. Ya sauke takunkumi zuwa haɓa, ya tura kansa ciki, ya ja numfashi tun daga ƙasan cibiya.

A wannan lokaci ne hancinsa ya ga dama ya dawo daga hutu.

Ya ɗago a hankali. Gilashinsa ya karkace, hawaye na zuba. Ya dubi jama'a kamar wanda aka tasa daga barci a tasha.

"Innalillahi," ya ce da wata siririyar murya. "Wa ya mutu?"

Sannan ya tattare babbar riga ya nufi kwata da gudun da ba a taɓa gani wajen mai muƙaminsa ba. Mu da ke Zoom, da yake wari ba ya bin waya, muka ɗauka daɗi ne ya sa shi kuka. Muka yi ta tafi.

Anti Lim ba ta ɗaga murya ba. Fangalin ya koma hannun wani mutumin ƙasar Bama ta nan Asiya da ke kan layin masu jira. Bargon damisa ya bi motar shara. A taron ƙungiya na gaba muka sabunta sarautar Sarkin Noma ba hamayya, domin in mun sauke shi sai mun faɗi wanda ya naɗa shi.

Ashe mutanen Bama ma suna cin yakuwa. A makon da aka ba shi wurin ya shuka ta, a tsakiyar winta. Da ta yi ganye ya tsinko dami guda ya ba Hureira, ya ce ya ga yadda take kallon fangalin in ta wuce.

Ta yi miya. Malam Datti ya zauna ƙarƙashin fanka, gumi na bin wuyansa, ya shaƙi tururin, ya kai loma, ya sake kaiwa.

"Ba laifi," ya ce. "Amma ki lura, an shuka ta ba a kan lokaci ba. Da an bi tsari..."

Hureira ta tura masa kwanon.

"Ci dai, Malam, kafin ta huce. Ka san sanyi ake yi."