Asuwakin Dutsen Baiyun

Ranar Lahadin da muka hau Dutsen Baiyun da ke China shan iska, ni da Alhaji Sani abokin kasuwancina na jakunkuna, bakina bai huta ba. Ina ta nuna masa itatuwa ina raɗa musu suna, wai ni a daji na tashi, shi kuwa ɗan birni ne.

Sai ga wata bishiya mai ganye jere-jere, wasu sun yi ja.

"Darbejiyar China ke nan," na ce, na karyo reshe zan yi asuwaki. Wani farin ruwa ya tsatso ya ɓata min yatsu.

"Alhaji, darbejiya fa ba ta da madara," in ji Sani.

"Kai dai ka san jaka. Bar min daji."

Na tauna, na goge haƙora tas, har da lumshe ido.

Washegari na tashi leɓɓana sun kumbura suntum, hannuwana duk ƙuraje masu ruwa, ga ƙaiƙayi kamar in yage fatata. Da na kwatanta wa likita bishiyar, sai ya dafe kai. Itacen da ko taɓa shi ba a yi, ni na tauna. Ina kwance ina zuƙar kunu da ƙyar, wani ya kwashe jakunkunan da na daɗe ina cinikinsu a kasuwar Shiling.

Sani ya zo dubiya, ya yi min sannu, ya ɗauki hotona ya raba wa jama'a. Har yau in na gama cin abinci a unguwar Xiaobei, inda mutanenmu ke taruwa, sai wani ya miƙo min tsinken sakace yana cewa, "Ranka ya daɗe Sarkin Daji, duba mana wannan, ko darbejiya ce?"